Kunnen Baba Mai Guduma

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Mai Guduma yake shiga filin 'yan gwangwan, kuma shekara talatin da shida ke nan bai sauya wannan lokaci ba. Yakan jingine kekensa a jikin wata tsohuwar bas da ba ta da taya ko ɗaya, wadda ita ce ofishinsa, ya rataye rigarsa a madubin gefe, ya sa shuɗiyar rigar aiki da ta sha faci a kafaɗa. Daga nan sai zagaye. Yana tafe hannu a baya, yana duba abin da aka sauke jiya bayan tashinsa: motar da ta yi karo, janaretan da ya ƙone, gadon asibiti, firji mara ƙofa. Wanda ya gaishe shi a lokacin, ɗaga hannu kawai zai samu. Sai ya gama zagayen, mai shayi ya miƙo masa kofinsa, sannan bakinsa ke buɗewa.

Wurin aikinsa wata rumfar kwano ce a tsakiyar filin. An kafa ƙarafa biyu, an gitta na uku a sama, ƙugiyoyin waya suna reto a jiki. Duk ƙarfen da aka kwance daga matacciyar mota da niyyar mayar da shi jikin mai rai, in dai na ƙafa ne, ko na sitiyari, ko na birki, sai ya biyo ta nan. Baba zai wanke shi, ya rataye, ya jira ya daina lilo, ya ɗauki 'yar gudumarsa ya buga sau ɗaya. Sai ya karkatar da kai. Lafiyayyen ƙarfe amonsa dogo ne, yana tafiya yana sirancewa har ya ɓace. Wanda ya tsage a ciki, ko da ido bai ga komai ba, kaf yake cewa ya yi shiru. Na farko Baba zai ɗiga masa farin fenti, a kai shi layin sayarwa a rataye. Na biyu jan fenti ne, kuma ba ya barin rumfar a ɗungum: Mai Gas, wanda aikinsa yankan ƙarfe da wuta, zai raba shi biyu a gaban Baba kafin a jefa shi cikin tarin da za a kai narkarwa. Dalilin yankan a fili yake. Abin da aka jefar bai rabu ba, wani zai tsince shi, ya goge, ya sayar.

Aikin ke nan gaba ɗaya. Ba makarantar da ke koyar da shi, ba takardar shaida, kuma in ka tambayi mutum ɗari a titi, da wuya ka sami ɗaya da ya san ana yinsa.

A bakin mutanen gari, sunan wurin duka bola. 'Yan sana'ar suna cewa filin gwangwan, masu son gyara magana su ce wurin jari bola, direbobi su ce maƙabartar motoci, amma in an zo faɗa ko zolaya, bola ce ke fitowa. Uwa ta leƙa ɗakin ɗanta ta ce ya mayar mata da gida bola. Aboki ya ga motar abokinsa tana tari a gefen hanya ya ce, “Haba malam, ka kai ta bola mu huta da turi mana.” Akwai durowar nan da ke kowane gida, mai tsofaffin makullai, da cajar da ba ta aiki, da batirin da ba wanda ya san ko da sauran wuta a ciki, ita ma sunanta ke nan. Ma'anar ɗaya ce ko'ina: abin da ya gama amfani, an tara shi ba tsari, ba mai komowa kansa. Lokacin da Baba ya je neman aure, wani kawun matarsa ya tambaya a gaban mutane, “Wai ɗan bolan nan ne?” Har yau in matar tasa ta so tsokanarsa da sunan take kiransa, shi kuma ya ce ai da idonta biyu a buɗe ta shigo.

Bai taɓa faɗa da kalmar ba. Abin da yake cewa, in hira ta kawo, shi ne mutane rabin ma'anarta suka sani. Sun ga ƙofar da kaya ke shiga, ba su lura da wadda suke fita ba. Yawancin motocin haya, da na burodi, da tankokin ruwa, da ƙarfen filin nan suke yawo. Mai sabuwar mota ma da ke ɗaga gilashi in ya zo wucewa, bas ɗin da ke tahowa gabansa a kwana da ƙafar filin nan take tafe. “In bola ce,” in ji Baba, “to kowa a kanta yake zaune, kuma tana gudu.”

Waɗanda suka yi aiki kusa da shi ba su da labaran ban mamaki a kansa, sai ƙananan abubuwa da suka yi ta maimaituwa. Wani tsohon bakanike ya ce shekara ashirin yana sayen kaya a filin, bai taɓa kwance abin da ke da farin fenti don ya karye ba. Mai shayi ya tuna ranar da wani dillali ya bi Baba har bayan rumfa, yana lallashi a bar masa jan kaya goma sha biyu ba yanka, zai kai su wani gari inda ba a san ma'anar fenti ba. Baba ya ce ya ɗan jira. Ya kira Mai Gas, aka yanke su ɗaya bayan ɗaya a gaban mutumin, sannan ya ce masa yanzu ya kwashe, an ba shi kyauta. Marigayi mai filin, wanda ya ɗauke shi aiki, ya taɓa ce masa jan fentin nan ya yi yawa, ciniki yana raguwa. Baba ya miƙa masa gudumar ya ce ya buga da kansa. Bai karɓa ba, maganar kuma ba ta sake tasowa ba.

Kai ne, Baba, mai gadin ƙofar da ba wanda ya san akwai ta. Mutane sun yi shekara da shekaru suna isa gida lafiya, ba su san sunanka ba, kai ma ba ka san nasu ba.

Amma ba don waɗannan kaɗai aka ga ya dace a yi wannan rubutu ba. A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Ba wanda ya kore shi, ƙafarsa da bayansa kuma lafiya lau. Dalilin ya faru ne wata huɗu da suka wuce.

A gida aka fara lura. Matarsa ta ce rediyonsa ya cika ƙara, ya ce rediyon ne ya tsufa. Ta ce sai ta kira shi sau uku yake waiwayowa, ya ce ita ce ta koma magana ciki-ciki.

“Ni ce mai magana ciki-ciki?” ta ce. “Maƙwabta har amsa mini suke yi ta katanga, kai kana zaune nan kana kallona.”

Suka yi dariya, aka bar zancen. A wajen aiki bai ga canji ba. Yana bugawa, yana jin amon nan mai tsawo kamar kullum.

Ran wata Talata aka kwance ƙafar gaban wata bas da tirela ta daka ta baya. A ido gabanta bai taɓu ba. Aka kawo wa Baba ƙarafa biyun da tayoyin gaba ke zaune a kansu, na dama da na hagu, waɗanda a filin ake kira gwiwa. In gwiwa ta karye mota na gudu, taya ce ke rabuwa da mota, direba ba shi da abin yi. Baba ya rataye su, ya buga, ya saurara, ya ɗiga wa kowacce fari. Da yamma wani direban bas da ake kira Babu Jira, don abin da aka rubuta a bayan motarsa ke nan, ya zo ya sayi ta dama. Bakanikensa ya ɗaura masa a ranar.

Washegari da safe Mai Gas yana wucewa ta layin sayarwa da sifana a hannu, sifanar ta bugi gwiwar hagun da ta rage. Kaf. Mai Gas shekararsa arba'in da biyar, sha tara daga ciki a gefen rumfar nan ya yi su, yana jin bugun Baba ko yana so ko ba ya so. Ya tsaya. Ya sake bugawa da gangan. Kaf. Daga baya ya ce ya fi minti goma yana zagaye rumfar da ƙarfen a hannu, don bai san ta inda ake gaya wa Baba Mai Guduma ya yi kuskure ba.

“Baba, ko za ka ɗan sake taɓa mini wannan?”

“Ba ka ga fari a jiki ba?”

“Na gani. Kunnena nake so in wanke.”

Baba ya harare shi, ya rataye, ya buga. “Ka ji. Kamar ƙararrawa.”

“Wallahi Baba ban ji ba.”

“To wutar gas ta toshe maka kunne.”

“Zai yiwu. A sa mata kananzir mu gani. In ni ne na kuskure, yau ni zan share rumfa.”

Kananzir da alli tsohuwar dabara ce da Baba ke komawa gare ta sai in ya yi shakka, don tana cin lokaci. A jiƙa ƙarfen da kananzir, a bar shi ya sha, a goge shi tas, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai dawo ya zana ta a kan allin. Suka yi, suka zauna. Bayan kusan rabin awa layi ya fito a wuyan gwiwar, siriri kamar gashi, tsawonsa kamar ɗan yatsa.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya sake rataye ta, ya buga, ya ji amo mai tsawo. Sai ya ajiye gudumar, bai bugi komai ba, ya saurara. Amon yana nan. Daga baya likitan kunne ya yi masa bayani: ƙarar ƙarfe ta shekaru ta cinye masa jin siririyar murya, kunnen kuma ya koma yin tasa ƙarar, mai kama da wadda yake nema. A ranar dai bai buƙaci likita ba.

Mai Gas ya matso kusa da shi. “Baba, kawo in yanka ta. Ni da kai ne kawai muka gani.”

“'Yar'uwarta fa?”

Mai Gas ya waiga layin sayarwa, inda ta dama take rataye jiya.

“Da kunnen nan na saurare ta. Ƙarfe nawa yanzu?”

Tara da rabi ta gota. Babu Jira yakan tashi daga tasha wajen goma, da mutum goma sha takwas a ciki, hanyarsa kuma mai gangara ce da kwana-kwana. Suka kira bakanikensa, wayar a kashe. Baba ya ɗauki kwalbar kananzir da ƙullin alli, ya hau bayan babur ɗin Mai Gas, abin da ya sha rantsewa ba zai yi ba saboda irin tuƙin Mai Gas.

Sun tarar da bas ɗin a bakin layi, an ɗaure kaya a sama, injin yana aiki, ɗan kamasho yana ihun saura mutum ɗaya. Baba ya sauka, ya je ya tsaya a gaban motar, ya dafa ta da tafin hannu.

Babu Jira ya leƙo ta taga. “A'a, Baba Mai Guduma! Tafiya za ka yi? Shigo gaba, kai ne ciko.”

“Kashe motar, ɗana. Ƙarfen jiya zan duba.”

“Wane ƙarfe? Wanda ka sa wa fari da hannunka?”

“Shi.”

“To me ya same shi daga jiya zuwa yau?”

“Ban san ko wani abu ya same shi ba. Shi ya sa na zo.”

Direban ya sauko, ya kama hannun Baba. Ya ce ya yi wa Allah ya yi haƙuri, tun sassafe yake bin layi, in ya sauke mutanen nan lodin yau ya tafi. Ya bari ya je ya dawo, da yamma zai kawo motar har fili a kwance duk inda ake so. Maganar ba ta rashin hankali ba ce, kuma ya yi ta ƙasa-ƙasa yadda fasinja ba za su ji ba. Matsalar ita ce Baba ma bai ji ba.

“Ɗaga murya,” ya ce.

Direban ya maimaita da ƙarfi. Mutane suka fara taruwa: direbobin layi, masu faci, masu sayar da ruwa. Rabin direbobin da farin fentin Baba motocinsu ke yawo. Mai Gas ya ce a nan ne ya yi niyyar shiga tsakani, ya ce shi ne ya ɗauko ƙarfen da ba daidai ba, a zage shi a wuce wurin. Baba ya riga shi.

“Ku saurara, tunda ku kuna ji. Kunnena ya tafi. Yau na sani. 'Yar'uwar ƙarfen da ke ƙafar motar nan, jiya na sa mata fari, yau mun same ta a tsage. Wannan ban san halinta ba, kuma ba zan matsa daga nan ba sai na gani.”

Wata mata mai kiret ɗin ƙwai a cinya ce ta fara buɗe ƙofa.

“Ni dai a sauke mini kayana,” ta ce. “Tsoho ba zai zo ya tona wa kansa asiri a tsakiyar tasha don nishaɗi ba.”

Sauran suka biyo ta, aka mayar da su motar da ke bin ta Babu Jira a layi. Babu Jira ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Abin da ya faɗa ba na bugawa a jarida ba ne, kuma mafi yawansa bai shiga kunnen wanda aka yi dominsa ba.

Aka tura motar gefe, aka ɗaga ta a jak. Baba da Mai Gas suka kwance gwiwar da hannunsu, awa ɗaya da rabi a cikin rana. Aka jiƙa, aka goge, aka barbaɗa alli. Mutum ya fi talatin a tsaye a kansu. Rabin awa ta cika, Baba ya ce a ƙara. Aka ƙara. Allin yana nan fari fat, ko ɗigo babu.

Dariya ta tashi. Wani direba ya ce a kai Baba rumfa a rataye shi a buga, a ji ko shi ne ya tsage. Wani ya ce ai jan fenti ya kama shi, Mai Gas ya kunna wuta. Babu Jira, wanda fushinsa ya fara sauka ganin ƙarfensa lafiya, ya durƙusa kusa da shi.

“Ka gani ko? Ka sa na rasa lodi a banza. Kunnenka ƙalau yake, Baba.”

“Ƙarfen ne ƙalau,” Baba ya ce. “Miƙo mini sifana sha tara mu mayar maka.”

A nan mutane da yawa za su tsaya. An duba, ba a sami komai ba, an sha dariya, sai a koma gida a bar maganar ta mutu da kanta. Baba da ya koma gida, kafin ya cire takalmi, ya tambayi matarsa yaushe ta fara ƙorafin rediyo.

“Yau kuma ka yarda ba rediyon ba ne?”

“Na yarda. Yaushe ne?”

Ta dube shi, ta ga ba wasa ya kawo ba. Ta ce tun haihuwar jikarsu ta ƙarshe, wata uku ke nan. Ya ce to daga nan zai fara.

Baba yana tuna ƙarfe da fuskar wanda ya ɗauke shi fiye da yadda yake tuna sunayen jikokinsa. Shi da Mai Gas suka zauna a cikin tsohuwar bas, suka yi ta tunawa, har suka tsayar da guda arba'in da ɗaya, irin waɗanda karyewarsu ke kisa, da suka fita da fari a cikin wata ukun. Gareji-gareji suka bi, kwana ashirin da shida. A ko'ina sai ya sake faɗin maganar da bakinsa, don labarin yana riga shi isa, kuma a karkace yake zuwa: wasu sun ji ya zautu, wasu sun ji an kore shi. Wasu masu motocin sun kawo da kansu. Wasu sai da ya je sau uku. Babu Jira, wanda ya rantse ba zai sake gaishe shi ba, shi ne ya gano masa huɗu daga ciki a tashoshin da yake bi.

Sun sami talatin da tara. Talatin da bakwai lafiya suke. Biyu sun zana layi a kan alli: sandar sitiyarin wata motar burodi, da gwiwar wata ƙaramar bas da ke kai ma'aikatan wata masana'anta aiki kowace safiya. Direban ƙaramar bas ɗin da ya ga layin, zama ya yi a kan taya. Biyun da suka rage, an sayar da motocin zuwa wasu garuruwa. Baba ya aika saƙo ta bakin direbobin dogon zango, kuma har yau yana tambayar duk wanda ya dawo daga can. Ba a same su ba. Shi ya ce a rubuta haka.

Kai ne ka tsaya gaban mota ka faɗi abin da mutum ke ɓoye wa matarsa. Ba wanda ya kama ka. Kai ka kama kanka, ka kai kanka gaban jama'a, aka yi maka dariya, washegari ka sake fita.

Mai filin na yanzu ɗan marigayin ne, a gaban Baba ya yi rarrafe. Da aka gama zagayen garejin, ya zo rumfa da shawarar da yake ganin ta rufa wa kowa asiri.

“Baba, ba inda za ka. Mutane sunanka suke saye, ba ƙarfe ba. Ka zauna a rumfarka ka riƙa bugawa yadda ka saba, su gani hankalinsu ya kwanta. Mai Gas zai bi da kananzir a baya. Wa aka cuta?”

“Wato in zama hoto.”

“Haba Baba, girmamawa ce.”

“Ranar da aiki ya yi yawa, Mai Gas yana can yana yanka, mutum yana tsaye yana sauri, za ka ce ai Baba ya buga, a ba shi. Kai ma ka san za ka faɗa. Ubanka ma da zai faɗa.”

Mai filin ya sosa ƙeya, ya yi dariya, ya ce wannan kam gaskiya ne.

Abin da Baba ya nema wata uku ne, da sharaɗi biyu. Duk ƙarfen da rai ya rataya a kansa, a riƙa yi masa gwaji biyu, guduma da kananzir, komai saurin mai saye. Wanda zai gaje shi a rumfa kuma ya riƙa zuwa asibiti sau ɗaya a shekara a auna kunnensa, a manna takardar a jikin rumfa kowa ya gani. “Shekara talatin da shida ina gwada ƙarfe,” ya ce, “ban taɓa gwada abin gwajin ba.” Mai filin ya amince da duka biyun, ya kuma ɗauki wani mai yanka don Mai Gas ya koma rumfa.

Yadda wanda ba ya ji zai koyar da ji ya ba mutanen filin abin kallo. Baba yakan tara ƙarafan da alli ya riga ya faɗi halinsu, ya yi wa kowanne alama a inda shi kaɗai ya sani. Sai ya ɗaure wa Mai Gas ido da tsumma, ya rataye, ya buga, Mai Gas ya ce fari ko ja. Makon farko ya kuskure sau shida. Baba ya ce da wannan kunnen ko gwangwanin madara ba zai ba shi ya gwada ba. Mai Gas, ido a ɗaure, ya ce shi dai har yanzu bai taɓa tare mota a tasha ba. Sai da aka maimaita wa Baba da ƙarfi, kuma mai shayi ya ce tun da yake bai taɓa ganin ya yi dariya har ya nemi wurin zama ba sai ranar. Mako biyar ke nan Mai Gas bai kuskure ko ɗaya ba. Takardarsa ta asibiti tana manne a ƙarfen dama na rumfa, an rufe ta da leda saboda ruwa.

Akwai irin rumfar Baba a wurare da yawa. Mai haɗa magani da idonsa ya fara hazo, direban da hannunsa ya fara rawa, mai ɗaura wayar wuta da ya fara mantuwa. Kowannensu shi ne ke fara sani, kuma shi ne ya fi kowa dalilin yin shiru: akwai iyali, akwai suna, akwai tsoron zaman gida. Ba a ce kowa ya je ya tsaya gaban mota ba. Abin da ake roƙo shi ne mutum ya gwada kansa kafin hanya ta gwada shi da rayukan wasu, in kuma ya ga abin da bai so ba, ya faɗa da bakinsa, ya koyar da wanda zai karɓa.

Baba, mun gode. Masu motocin da ka tayar wa hankali sun gode, har waɗanda suka zage ka. Ma'aikata goma sha huɗu da ke shiga ƙaramar bas kowace safiya sun gode, ko da yake har yau ba wanda ya gaya musu dalili. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa biyun da suka rage su faɗa hannun mai kunne.

Wanda ya gamu da shi a hanya kuma yana son ya yi masa tasa godiyar, ya tsaya ta damansa, inda kunnensa ya fi ji, ya bari ya ga bakinsa, ya faɗa da ƙarfi. Ba ya jin kunyar a ɗaga masa murya. Shi ya fara nema.